Sarkin Tire da Sandar Ƙarfe

A otal ɗin da na yi aikin sabis shekara arba'in da ɗaya akwai wani tire da ba a fito da shi sai ranar da babban sabis zai ajiye aiki. Na azurfa ne, ko dai haka ake faɗa, faɗinsa ya kai murfin ganga. A ranar akan shirya liyafar rana, a jera kwanonin miya goma sha biyu a kansa, wanda zai gaji muƙamin ya ɗora shi a tafin hannu guda, ya taka daga ƙofar kicin zuwa teburin Mai Otal. Taku talatin da huɗu ne. In ya isa bai zubar ba, a sa masa baƙar kwat, ya zama babba. In ya zubar, kwat ta wuce ga na bayansa. Tun da aka gina otal ɗin ba a taɓa samun wanda ya zubar ba, domin duk wanda ya shekara biyar yana kai abinci tebur zai iya wannan tafiya ido rufe.

Saura mako shida in tafi, Manaja ya tara mu ya ce wanda zai gaje ni shi ne Sarkin Tire, na bayansa kuma Dogo. Sarautar ta Sarkin Tire shi ya naɗa wa kansa, mu kuma muka bar masa don ba ta da albashi. Gajere ne mai tumbi, shekararsa goma sha bakwai a aikin, kuma a faɗi gaskiya hannunsa yana da kyau, ko kofi bai taɓa fasawa ba. Bakinsa ne ba ya zuwa hutu. Dogo kuwa sai ya yini bai ce uffan ba.

Abu ɗaya ake bukata daga Sarkin Tire a wannan mako shida: ya zauna lafiya. Shi ne ya gagare shi.

Washegari Dogo ya shigo kicin da buhun dankali a kafaɗa. Kuku, wadda ta fi kowa daɗewa a kicin ɗin kuma ta fi wuƙaƙenta kaifi, ta bi shi da ido, sannan ta juyo ga Sarkin Tire.

"Ka ga damtse? Kai kuwa duk ƙarfinka ya gangaro ya taru a ciki."

"Wannan?" Ya dafa tumbinsa. "Wannan ajiya ce. Ku ba ni mako shida. Ranar liyafa ba a kafaɗa zan tsayar da tiren nan ba, sama da kaina zan ɗaga shi, hannu a miƙe. Kafin ranar kuma sai na ɗaga kilo ɗari a kwance."

"A kwance kam ba wanda ya kai ka," in ji Kuku. "Daga nan muke jin minsharinka a sito."

Na ce masa tiren da kwanoninsa da miyarsu kilo tara ne, na taɓa aunawa, kuma ya sha ɗaukar fiye da haka.

"Baba, a zamaninku ne ake alfahari da kilo tara. Ni tarihi zan kafa."

Ranar farko ya ja ni gidan ɗaga ƙarfe don in zama shaida. Ɗaki ne guda a saman shagon masu facin taya, da benci uku, da fanka, da madubi mai tsaga daga sama har ƙasa. Mai wurin, wanda kowa ke kira Koci, ƙaton mutum ne mai sanyin murya.

"Kwanta a bencin, Malam," in ji Koci. "Da sandar kaɗai za ka fara, kilo ashirin ce. Ɗora ta a gindin tafin hannunka, nan, daidai kan ƙashi. Zagaye ta da babban yatsa. Wuyan hannu ya tsaya a miƙe, kamar za ka naushi rufin ɗaki."

Sarkin Tire ya kwanta. Ya buɗe tafukansa, ya lanƙwasa wuyan hannu baya har ƙarshe, sanda ta gangara ta zauna a gindin yatsu. Babban yatsa ya kwantar da shi kusa da 'yan'uwansa. Ƙaramin yatsa kuwa ya ɗan ɗaga shi sama, yadda yake yi in manyan baƙi sun zo.

"Me kake yi?" in ji Koci.

"Ɗauka."

"Ba tire ba ne."

"Ɗana, tun kafin gemunka ya fito nake ɗaukar kaya a hannun nan. Ka taɓa hawa bene da miyar mutum takwas?"

"A'a."

"To ka yi shiru ka koya."

"Malam, hannun da aka lanƙwasa haka tire zai iya ɗauka. Ƙarfe ninke shi zai yi."

"Sa min faifan ƙarfe hagu da dama. Sanda tsirara ai ta mata ce."

A bencin da ke kusa wata baiwar Allah, malamar asibiti, ta mayar da kilo hamsin mazauninsa, ta goge fuska, ta dube shi ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Baba."

Ya ɗaga kilo talatin sau biyar, fuskarsa kamar mai haɗiye ƙashi. Da ya tashi ya ɗauki gorar ruwa, ya murɗa murfin, murfin ya ƙi. Ya sake murɗawa. Ya miƙo min ya ce ba ƙishirwa yake ji ba, amma in ina so in buɗe.

Gidajen ma'aikata suna bayan otal ɗin, bango ɗaya ne tsakanina da Sarkin Tire, kuma bangon ba shi da kauri. Safiyar kwana na huɗu na ji shi yana kiran matarsa.

"Maman yara, zo ki sa min maɓallin nan."

"Mai kilo ɗari? Maɓalli kilo nawa ne?"

"Ke ba ki san aikin jiki ba. Tsoka ce ke tsirowa. In tana fitowa dole ta yi zafi, kamar haƙori."

"A wuyan hannu take tsirowa? Na ɗauka a ƙirji aka shuka ta."

"Daga nan take shiga."

"To Allah ya sa ta iso kafin yunwa ta kashe ka, don jiya ma ni na yanka maka nama kamar ɗan yaye."

Ya lura cewa masu ɗaga nauyi suna naɗe wuyan hannu da wani ƙyalle mai ƙarfi. Bai tambayi kowa ba. Ya ɗauko adikon tebur biyu daga ɗakin cin abinci, farare, da sitaci, ya ninka su ninkin liyafa mai kama da fure, ya ɗaura. Koci ya daɗe yana kallonsu.

"Wa za mu ba abinci yau?"

"Kariya ce."

"Ko da igiyar jirgi ka ɗaure, in ka lanƙwasa shi zai yi ciwo. Miƙe hannun kawai. Rage nauyin. Wata guda ka gani."

"Ba ni da wata guda na wasa. Ƙara min biyar."

A mako na uku abin ya biyo shi wurin aiki. Yana zuba wa wani baƙo shayi, bakin butar yana yawo a sama kamar ƙuda mai neman wurin sauka. Baƙon ya ce, "Kofin yana nan, Malam, ba ya gudu." Abin niƙa barkono ya gagare shi murɗawa, sai ya ce wa baƙi likitoci sun gano barkono ba shi da amfani. Duk tiren da ya wuce kwano uku sai ya kira wani ya ce, "Zo in ga ko ka iya," ya bi shi a baya yana gyara masa tafiya. Da ya hango Manaja sai ya harɗe hannu a baya kamar mai duba aiki.

Na kira shi gefe na ce ya je asibiti, ya bar ƙarfen nan har bayan liyafa. Na ga hannaye da yawa sun lalace a wannan sana'a, amma duk aiki ne ya ci su. Ban taɓa ganin wanda ya hau bene da ƙafarsa don a lalata masa nasa ba.

"Baba, kwantar da hankalinka. Ran Lahadi da safe ku zo ku gani da idonku. Kilo sittin."

Muka je: ni, da Kuku, da Dogo, da matarsa. Koci ya ce ba a wurinsa za a yi wannan ba. Sarkin Tire ya jira har aka kira Koci ƙasa ya gyara fakin ɗin motarsa, sannan ya sa Dogo ya jera faifan. Dogo ya jera. Sarkin Tire ya gyara furannin hannunsa, ya kwanta, ya ɗaga murya.

"Kada wanda ya taɓa sandar nan, ko da mutuwa zan yi!"

Ya buɗe tafi. Ya ɗaga ƙaramin yatsa. Ya fito da sanda daga mazauninta, ta tsaya a sama na ɗan lokaci kamar tana tunani. Sai wuyan hannun dama ya ninke, na hagu ya bi shi. Da yake babu babban yatsa a gaba da zai tare ta, sanda ta mirgino ta sauka a kan ajiya. Ƙarar da ta fito ban san ko daga bakinsa ta fito ba. Amma likita ya ce daga baya tumbin nan ne ya ceci haƙarƙarinsa, don haka kada a ce bai yi amfani ba.

"Ku ɗauke! Ku ɗauke!"

"Ai ka ce ko da mutuwa," in ji Kuku. "Ka mutu?"

"Saura kaɗan!"

"To mu jira."

Dogo ya sa hannu biyu ya ɗauke sandar kamar mai ɗauke tsintsiya daga hanya, ya mayar da ita. Sarkin Tire ya yi minti biyu yana neman numfashi. Da ya same shi, ga abin da ya yi da shi:

"Na riga na taso da ita, ka zo ka ƙwace. Kun dai gani."

Koci ya hawo ya ga faifan, ya ga mutumin. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Je asibiti. Ka huta kwana goma sha huɗu, kada ka ɗauki abin da ya fi cokali. Hannun zai sauka kafin bikinku. In ka dawo mu fara da sanda kaɗai, yadda na ce."

Saura kwana goma sha shida a yi liyafa. Wato har da rarar kwana biyu. Matarsa ta tasa ƙeyarsa zuwa asibiti, likita ya ce targaɗe ne ba karaya ba, ya maimaita maganar Koci kusan kalma da kalma. Manaja ya ba shi hutun mako biyu, bai tambayi dalili ba. Duniya duka ta haɗa kai don ta sa wa mutumin nan kwat.

Kwana uku ya huta. Rana ta huɗu da la'asar na ji ƙarar ƙarfe a tsakar gidajenmu. Na leƙa. Ya cika bokitin fenti biyu da siminti, ya zura bututun ruwa a mariƙansu, ya kafa teburin gugar matarsa a matsayin benci. Maƙwabta sun cika tagogi.

"Koci ɗin nan tsorona yake ji," ya ce da su. "Ya ga zan ƙwace masa mutane."

Wani direba daga tagar sama ya ce, "Ranka ya daɗe, a kira motar asibiti yanzu, ko sai an gama?"

Ya hau teburin guga ya kwanta. Maƙwabta biyu suka ɗora masa bututun a tafi, suka ja da baya da sauri. Teburin ya yi ƙara sau ɗaya don gargaɗi, sannan ya ninke da shi a ciki. Bokitin hagu ya zame ya faɗi, na dama ya ja bututun ya wulwula, ya tsinke igiyar shanya, ya kakkarya famfon tsakar gida. Ruwa ya yi tsiri sama da rufi. Gida takwas suka kwana biyu ba ruwa.

Matarsa ta fito da gudu. "Wayyo teburina!"

"Ba ki tambayi mijinki ba?" in ji shi daga ƙarƙashin zanen gado.

"Miji ina da shi ko a ninke. Teburin guga ne ba ni da wani."

Safiyar liyafa na same shi a ɗakin canza kaya yana fama da maɓalli da haƙori. Wuyan hannunsa ya kumbura har ya yi daidai da damtsen, wanda ta wata fuskar cikar buri ne. Na ce masa zan roƙi Manaja a ɗaga bikin wata guda. Ba ni da inda nake sauri, gida ba kowa sai agogo.

"Don Dogo ya ce na gudu?"

"Dogo ba ya cewa komai."

"Shi ne abin da ya fi ciwo."

"To ga tiren nan babu komai a kai, gwada."

"Gwaji na masu shakka ne, Baba."

Ƙarfe ɗaya na rana ɗakin cin abinci ya cika, mutum sittin da wani abu, har da iyalan ma'aikata. Mai Otal, tsohuwa mai shekara tamanin da ba ta ɓata magana, tana zaune a teburin ƙarshe. Ni ina tsaye a gefenta, Manaja yana riƙe da kwat. Daga nan ana hango ƙofar kicin a buɗe.

Kuku ta cika kwano goma sha biyu. Sarkin Tire ya miƙa hannun dama don a ɗora masa, ya ce da hannun ya kwanta baya. Hannun ya ƙi. Shekara goma sha bakwai yana kwanciya ba gardama, yau ya tsaya rabin hanya kamar ƙofar da ta yi tsatsa. Aka ɗora tire a haka, a ɗan karkace. Dogo ya sunkuya kusa da kunnensa.

"Yaya, jingina bakin tiren a kafaɗa. Ba a hana ba."

"Kun ji mai jiran gado yana ba da shawara."

Amma ya jingina. Wannan ne kaɗai karon da na ga ya ɗauki maganar wani.

Ya taho. Ina ƙirgawa a zuciyata. A taku na goma cokula suka fara kaɗawa a cikin kwanoni, siririyar ƙara kamar ƙararrawar keke daga nesa. A na sha biyar gumi ya sauko masa har haɓa. A na ashirin kwanonin suka matso juna kamar fasinjoji a kan gangare. Amma kafaɗa ta riƙe, ƙafafun nan kuma sun san aikinsu. Ashirin da biyar. Ashirin da shida. Na ga matarsa ta sauke hannun da ta dafe ƙirji da shi. Manaja ya fara buɗe kwat. Ni kaina, Allah ya sani, na ji daɗi, don duk da bakinsa yaron gidan ne.

A taku na ashirin da takwas shi ma ya gane zai isa. Na ga lokacin da ya gane. Fuskarsa ta washe, ƙirjinsa ya taso, ya tsaya cak a tsakiyar ɗakin, ya dubi hagu ya dubi dama.

"Jama'a, ku buɗe ido! Abin da na yi alkawari!"

Ya raba tiren da kafaɗa, ya tura shi sama.

Ya kai har kunnensa. Daga nan wuyan hannun ya ajiye aiki. Tiren ya kwanto baya a hankali, da ladabi, kwanoni suka sauko masa ɗaya bayan ɗaya: ka, wuya, kafaɗa, gadon baya. Ya ja da baya, ya taka miya, ƙafafunsa suka wuce gaba suka bar shi. Ya zauna daɓas. Tiren ya faɗi a gefensa yana juyi yana kuka, ya daɗe kafin ya yi shiru. Kwano ɗaya kaɗai ya ci gaba da tafiya, ya mirgina a kan gefensa har gindin teburin Mai Otal, ya kife.

Tsohuwa ta dubi kwanon, ta ɗago ta dube ni.

"Taku nawa ya rage masa?"

"Shida, ranki ya daɗe."

"Wa ke bayansa?"

Manaja ya ce, "Dogo ne. Sai dai miyar..."

"Akwai," in ji Kuku daga ƙofa. "Tukunya biyu na ɗora tun safe."

Mutum uku suka miƙa wa Sarkin Tire hannu, amma duk wanda ya taɓa nasa sai ya yi ihu. Aka rasa inda za a kama. Ƙarshe matarsa ta zo ta cafki wuyan rigarsa ta baya, ta ja shi a zaune zuwa gefen bango don a samu hanyar goge ƙasa. A nan yake, albasa a kan gira, lokacin da Dogo ya fito da tiren, an sake jera masa kwanoni.

"Lanƙwasa hannun sosai!" Sarkin Tire ya ɗaga murya. "Kai, ba haka na koya maka ba! Duba gabanka! Ranki ya daɗe, duk abin da yaron nan ya iya a wurina ya gani!"

"Rufe min baki, Baban yara," in ji matarsa. "Miya na shiga."

Dogo ya yi takunsa talatin da huɗu, ko cokali bai yi tari ba. Ya ajiye kwano a gaban tsohuwa. Aka tafa. Manaja ya ɗaga kwat ya sa masa.

Sai a lokacin muka ga matsalar. Tun mako uku da suka wuce tela ya ɗinka kwat ɗin a kan awon Sarkin Tire, kuma otal ɗinmu ba ya ɗinka kwat biyu a shekara guda. A ciki ta yi wa Dogo yawa, mutum biyu za su shiga. Hannunta kuwa ya tsaya yatsa huɗu kafin wuyan hannu. Haka yake sa ta har yau. Sarkin Tire ya warke, ya koma aiki a ƙarƙashinsa, kuma kowace safiya in Dogo ya miƙa hannu yana nuna wa kowa teburinsa, ga wuyan hannun nan biyu a waje, lafiyayyu, a miƙe, daidai saitin idon gajeren mutum.